Yadda za ka gane ko kik ne ko cok idan tsohuwar akori-kura ta ƙi tashi da sanyin Jos

Duk wanda yake fita da asuba a Jos cikin Disamba da Janairu ya san abin da nake nufi, sanyin da yake sauka wajen digiri 10, sitiyari kamar ƙanƙara, ga buhunan kabeji da dankali suna jiranka ka kai Farin Gada kafin kasuwa ta cika, ka murɗa makulli mota ta ce ba ta san zance ba. Ni tawa Peugeot 504 ce akori-kura, irin wadda aka haɗa a Kaduna, mai kafireta, inda fetur ke haɗuwa da iska, da cok na hannu, wato abin da ake ja a rage wa inji iska lokacin sanyi, kuma wallahi abin da yake min ciwo shi ne yadda nake ganin 'yan'uwa direbobi suna ta murɗa makulli ba ƙaƙƙautawa har batir ya mutu murus, daga nan sai a ce kik ne, wato 'yar na'urar da ke juya inji idan an murɗa makulli, a je Dilimi a sayo wani, alhali na jikin motar lafiyarsa ƙalau.

To kafin ka ɗauko sifana ka fara kasa kunne. Tambaya ɗaya ce za ta raba maka hanya: injin yana juyawa ko ba ya juyawa? In ba ya juyawa, ko yana juyawa da ƙyar kamar mai nishi, matsalar wuta ce, wato batir da wayoyi da kik. In kuma yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, ka bar kik ya huta, ba ruwansa, ka koma wajen cok da mai da filogi.

Mu fara da wanda ba ya juyawa. Ka sa giya a firi, ka ja birkin hannu, ka kunna manyan fitilu, sai yaronka ya tsaya a gaba yana kallonsu kai kuma ka murɗa makulli. In fitilun suka dushe sosai ko suka mutu, kana jin kat-kat-kat da sauri, batir ne ya yi sanyi ko kuma kan batir bai kama ba. Sanyi yana rage ƙarfin batir, a daidai lokacin kuma baƙin mai ya yi kauri, musamman irin 20W-50 ɗin da muke zuba wa tsofaffin injina, ka ga aiki ya ƙaru ƙarfi ya ragu. Shi ya sa batirin da yake tada mota lafiya lau da rana zai ba ka kunya da asuba.

Kan batir ɗin nan shi ne na fi so a tsaya a kai domin nan yawancin matsalar take. Ka kama shi da hannu ka murɗa, in ya motsa to bai ɗauru ba. Ka duba ko akwai wannan farin garin ko kore-kore a jikinsa. Bayan an gwada kik sau ɗaya ka taɓa kawunan biyu, wanda ka ji ya yi ɗumi nan wuta take maƙalewa. Ka fara kwance na nagatif, sannan na fozitif, ka wanke da ruwan zafi, ka goge ciki da waje da sanfefa har ƙarfen ya yi haske, wajen mayarwa kuma fozitif ne farko, ka ɗaure tam ka shafa ɗan giris a sama. Don Allah a daina buga ƙusa ko cusa gwangwani a tsakani, na kwana biyu ne kuma yana cinye kan batir. Sannan ka bi baƙar wayar da ta tashi daga batir zuwa bodi da wadda ta haɗa inji da bodi, mutane suna mantawa da su. Tawa ta taɓa wahalar da ni sati guda, na kai batir caji har sau biyu, ashe wayar inji ce ta ruɓe a ƙarƙashin roba, saura 'yan silili kamar gashin masara. Wani dattijon rewaya ne ya sa hannu ya ja ta kawai ta tsinke, ya ce min "ɗana, ga ɓarawon nan", waya ɗaya aka canja magana ta ƙare.

In kana da mitar auna wuta ka gwada. Batir mai cikakken caji yana nuna wajen bolt 12.6, in ka ga 12.2 ya kai rabi, lokacin da ake kik kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In mota ta tashi ka sake aunawa, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, in bai kai ba altaneta ba ta caji ko fanbel ya yi sako-sako, gobe ma haka za ka sake kwana.

Yanzu in fitilu ba su dushe ba. Ka murɗa shiru ko ƙas babu, ka duba 'yar siririyar wayar da ke shiga sulunoyid, ɗan gwangwanin nan da ke jikin kik mai haɗa masa wuta, sau da yawa ta zame ne ko ta yi tsatsa, wani lokacin kuma makullin ne da kansa ya cinye. In ka ji ƙas guda ɗaya mai ƙarfi sai shiru, a nan ne ake zargin sulunoyid ko burushin kik. Yaro ya riƙe makulli a murɗe kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da ƙotar guduma, a hankali, ba dukan huce haushi ba. In ya juya to burushi ya cinye, ka kai wa rewaya a ranar ya canja, kada ka mayar da ƙwanƙwasa sana'ar kullum domin ranar da zai ƙi gaba ɗaya ba za ta yi maka sallama ba. In kuma kik yana wiii shi kaɗai inji bai motsa ba, bendis ne, ɗan ƙarfe mai haƙora da ke bakin kik, bai shiga haƙoran fulawil ba, wato babban faifan da ke bayan inji, ƙura da tsohon giris sun daskare a kan sandarsa, a kwance a wanke da fetur, kada a cika masa giris don ƙurar hunturu za ta sake kama shi. Mai ƙarar gurza ƙarfe kuwa haƙora ne suka ci, wannan sai gareji.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi, kada kik ya wuce daƙiƙa 10 a murɗa ɗaya, ka saki ka ƙirga talatin ko fiye kafin ka sake, ka taka kuloci lokacin da kake yi don a rage masa nauyin giyabos, fitilu da rediyo duk a kashe.

Sai ɓangare na biyu, inji yana juyawa amma ya ƙi kamawa. Fetur in ya yi sanyi ba ya zama tururi da kyau, yana lafewa a jikin bututu, aikin cok shi ne ya toshe iska don mai ya yi yawa a cikin abin da inji yake shaƙa. Yadda nake yi kullum: in taka totur sau ɗaya ko biyu in saki, in ja cok har ƙarshe, in murɗa ba tare da na taɓa totur ba. Da ta kama sai in mayar da cok rabi, in bar ta tana sulo mai ɗan ƙarfi minti biyu zuwa uku, ina turawa kaɗan-kaɗan har ta tsaya da ƙafarta. A nan Jos sai an kula, muna sama da mita 1,200 daga teku, iskarmu ba ta kai ta Kano ko Legas nauyi ba, don haka dama kafireta tana ɗan ba da mai fiye da kima, in ka daɗe da cok a jawo nan da nan za ka ga baƙin hayaƙi a salansa, filogi su yi baƙi ƙirin, fetur kuma ya gangara ya tsinka baƙin mai.

In ka yi haka ba ta kama ba, ka buɗe bonet ka cire murfin matatar iska ka leƙa bakin kafireta, inji a kashe. Akwai ɗan faifan ƙarfe a sama. Yaro ya ja cok kana kallo, faifan ya rufe ruf, ya tura ya miƙe tsaye. In hannun cok yana fitowa amma faifai bai motsa ba, wayar ce ta zame daga ɗan sukurun da ke riƙe ta a gefen kafireta, aikin sukundireba ne na minti biyu. In yana motsi da ƙyar ƙura ce ta cushe sandarsa, ka wanke ka ɗiga mai kaɗan. Masu cok mai aiki da kansa, irin wanda ruwan lagireto ko wutar batir ke ɗumama wani sifirin a ciki, ku sai kun taka totur sau ɗaya har ƙasa kafin faifan ya rufe, kuma ku duba da kyau, da yawa an ɗaure musu shi a buɗe da waya tun lokacin zafi aka manta, shi ya sa motar take lafiya a Maris ta zama abin tausayi a Janairu. Tunda kana wajen, ka ja totur da hannu ka gani ko fetur yana tsartuwa ciki, in babu to mai bai iso ba, ka bi tiyo da matatar mai da famfo.

Akwai kuma kishiyar wannan, mota ta sha mai ya yi mata yawa. Za ka ji warin fetur ya cika wuri, in ka kwance filogi ɗaya ka gan shi jiƙe. A nan ƙara famfa totur ƙara lalata abu ne. Ka tura cok ciki gaba ɗaya, ka taka totur har ƙasa ka riƙe shi a nan kada ka ɗaga, ka yi kik, iska ce za ta share man. In ta ƙi ka kwance filogin duka ka shanya ka goge. In filogi a bushe suke kuma mai yana zuwa, ka buɗe murfin distiributa mai raba wa filogi wuta ka goge ƙura ka duba kontak, 'yan ƙarafa biyun nan masu haɗuwa da rabuwa a ciki, tazararsa a 504 milimita 0.4 ce.

Ina roƙon 'yan'uwa, kada a zuba fetur a bakin kafireta ana kik fuska na kai, wuta tana dawowa ta nan, kuma kada a hura garwashi a ƙarƙashin inji wai don baƙin mai ya saki. Kada kuma a ɗumama mota a rufaffen gareji, hayaƙin yana kisa. Masu dizal ku ba ku da cok, hita ce taku mai ɗumama cikin inji, ku jira fitilarta ta mutu kafin kik, in farin hayaƙi ne yake ta fita ba ta kama ba a gwada hitocin ɗaya-ɗaya.

In duk an yi batir ya riga ya gaji, tura ta rage, makulli a kunne, cok a jawo, giya ta biyu, a saki kuloci idan ta ɗauki gudu. Ni dai tun daga Nuwamba nake ajiye tawa da dare hancinta na kallon gangare, in rufe bonet da tsohon bargo, in sa dutse a gaban taya.