Yadda ake zama da ADHD, da yadda ake zama da mai ita

Ƙanina ya kai shekara 22 ana ce masa mai kunnen ƙashi kafin likita ya gaya mana sunan abin da ke damunsa. Sai a aike shi ɗaki ɗauko caja, bayan rabin awa a tarar da shi yana kwance rediyon da ya mutu tun bara, caja kuwa ta fita daga kansa sarai. Ashe ADHD ce, wato matsalar kasa tsayar da hankali wuri guda, wadda a wasu take zuwa da rashin zama da yin abu kafin tunani.

Abu na farko, a tabbatar ita ce, don kowa yana mantuwa. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013 ta ce sai alamomin sun fara kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata 6, suna bayyana a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta, kuma suna kawo cikas na gaske. Ƙarancin barci, damuwa, ko rashin ji sosai duk suna iya kama da ita, shi ya sa likita ne zai yanke, ba bidiyon intanet ba. Tana samun kusan kashi 5 cikin 100 na yara, kuma da yawansu suna girma da ita. Masu cewa waya ce ta kawo ta su sani wani likitan Ingila, George Still, ya bayyana irin waɗannan yara tun 1902. Gado ne ke da kaso mafi girma wajen kawo ta. Ranar da likita ya faɗi haka, gaba ɗayanmu muka juya muka kalli Baba.

Na biyu, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan komai: a daina dogara da ka. Masanin ADHD Russell Barkley ya daɗe yana nuna cewa mai ita ya san abin da ya kamata ya yi, aikatawa a kan lokaci ne ke gagararsa. Don haka nasiha ba ta ƙara masa komai. A ajiye abin tunin a daidai inda aikin zai faru. Makulli ya samu kwano ɗaya a bakin ƙofa. Magani ya zauna kusa da buroshin goge baki. Takardar da za a fita da ita gobe a ɗora ta kan takalmi tun da dare. Duk abin da aka rufe cikin durowa, a ɗauka ya ɓata. Littafin rubuta ayyuka kuma ya zama ɗaya tak. Ƙanina yana da shida, kowanne shafi uku kawai ya ci.

Sai lokaci. Mai ADHD ba ya jin wucewarsa, don haka a sa ƙararrawar waya a lokacin fara shiri, ba lokacin fita ba. Wajen aiki, dabarar da wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1980 tana taimakawa: minti 25 na aiki, hutun minti 5. In 25 ta yi nauyi a fara da 10. A kuma gutsura aikin. "Gyara ɗaki" ya yi girma, ba a san ta ina za a kama shi ba. "Kwashe kayan da ke kan gado" kuwa hannu zai iya.

Maganar magani a bar wa likita. Irin su Ritalin suna ƙara ƙarfin sinadarin dofamin, wanda ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, kuma suna yi wa mutane da yawa aiki, amma suna iya rage cin abinci ko hana barci, ana kuma bibiyar bugun zuciya da hawan jini. Kada a karɓi na wani. Yaron da bai kai shekara 6 ba, da horar da iyayensa ake farawa.

Mu da muke zaune da su, namu ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Kada a yi magana daga wani ɗaki. A matso, a kira suna, a bari ya ɗago, a faɗi abu ɗaya, a sa ya maimaita. In ya yi, a yaba nan take, don yabon da ya kwana ba ya kama shi. Kada kuma a kwashe masa duk ayyukansa don gudun ɓacin rai. Ke za ki gaji, shi kuma ya ƙara ganin kansa ba komai ba. Sau da yawa zama kusa da shi kawai, kina naki yana nasa, ya isa ya sa ya fara.

Ni kuskurena shi ne kalmar "kuma". Wata rana ya ce min, "Yaya, da kin ce 'ka manta kuma', kaina toshewa yake. Ki tambaye ni me ya rage." Jiya na leƙa na ce, "Me ya rage?" Ya duba takardar da ya manna a jikin ƙofa ya ce saura biyu, ya miƙe.