Yadda za ka bar ƙwaƙwalwarka ta yi wanki da dare

Ranar da Inna ta tambaye ni sunana sau uku kafin la'asar, ni da ta goya, ranar na fara bin diddigin gigin tsufa. Likita ya ce cutar Alzheimer ce. A ƙwaƙwalwar masu ita, wasu sinadarai biyu, amiloyid da tau, ke taruwa su daskare kamar maiƙo a bakin kwata.

Ashe ƙwaƙwalwa tana da magudanarta. A 2012 Maiken Nedergaard da abokan aikinta a Jami'ar Rochester ta Amurka suka nuna yadda ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa yake bin gefen jijiyoyin jini, ya ratsa cikinta, ya kwaso datti. A 2015 kuma aka gano siraran hanyoyi a tantanin da ya lulluɓe ta, waɗanda ke kai dattin zuwa kaluluwar wuya.

To, yaushe ake wankin? Lokacin barci mai nauyi. A gwajin ɓeraye na 2013, an ga filin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100 idan suna barci, amiloyid kuma ya fita da saurin da ya ninka na farke. Ɓeraye ne, na sani, amma ya ishe ni dalilin gyara darena.

Ka ba kanka awa bakwai zuwa takwas. Mai tashi asuba ya ƙirga baya, zai ga hirar bayan isha'i ce ke cinye masa rabon. Barci mafi nauyi a farkon dare yake, ƙailula kuma ba ta biyan wannan bashin gaba ɗaya. Goro, shayi mai kauri da kofi, a sallame su tun azahar. Nan na fi shan wuya, domin ni da goro mun daɗe. Wayata yanzu a falo take kwana.

Ka auna hawan jini. Bugun jijiyoyi ne ke tura ruwan wankin, hawan jini kuma yana sandarar da su. Ka riƙa yin tafiyar ƙafa, ko ta minti 30 ce da yamma.

Munshari mai sarƙe numfashi, wanda mutum zai yi shiru can ya zabura, ba abin dariya ba ne, yana tsinka barci mai nauyi. Idan matarka ko mijinki ya ce ya ji irin wannan munsharin, a je asibiti.

Kwanciya kuwa a kan gefe ta fi. Wani gwajin ɓeraye na 2015 ya nuna dattin ya fi fita a haka, mu kuwa dama da kwanciyar gefen dama aka tarbiyyantar da mu.

Wannan duk ba zai dawo wa Inna da sunana ba. Amma tana sallame isha'i nake rage fitilar ɗakinta, in gyara mata matashi, in zauna kusa har numfashinta ya daidaita.