Yadda ake mayar da jimlar Turanci ta koma tambaya

An sha tambayata wannan, to ga matakan.

1. Rubuta jimlar: She likes music.

2. Ja layi ƙarƙashin aikatau, wato likes.

3. Duba ko akwai kalma irin su is, are, was, were, can ko will. In akwai, ɗauko shi ka kai farko, shi ke nan: He is ready ya koma Is he ready?

4. In babu, zaɓi mataimaki, wato do, does ko did. Do na tafiya da I, you, we da they, does kuma da he, she da it. Abin da ya wuce kuwa did ne ga kowa.

5. Sa mataimakin a farkon jimlar.

6. Mayar da aikatau siffarsa ta asali: Does she like music?

Hattara, nan aka fi tuntuɓe! Does ya riga ya ɗauke s ɗin, don haka Does she likes kuskure ne. Haka ma Did you went, Did you go ake cewa. A ganina wannan matakin ya cancanci a yi ta maimaita shi da baki har kunne ya saba.

7. In da why, where ko when, sa shi kafin mataimakin: Why does she like music?

8. Rufe da alamar tambaya.