Yadda ake gane wurin zamiyar ƙanƙara mai kyau a tsaunukan Alps kafin a biya kuɗi

Wanda ya yi niyyar tashi daga Katsina ko Daura ya kai iyalinsa hutun hunturu a tsaunukan Alps na Turai, ko ɗalibinmu da ke karatu a Turai yake son gwada wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, hotuna zai fara cin karo da su a intanet: farin tsauni, sama garau, mutane suna ta dariya. Kowane wuri yana da irin wannan hoto, har wanda rabin hanyoyinsa ciyawa ce a watan Disamba. Lambobi ake dubawa, kuma a auna su da abu biyu, makon da za ka je da kuma iyawarka. Wurin da ya yi wa gwani daidai yana iya zama azaba ga wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba.

Lambar farko ita ce tudun wurin, wato tsayinsa daga matakin teku. Kowane wuri yana ba da lamba biyu, ta garin da ake kwana da ta ƙololuwar da na'urar hawa ta ƙarshe take kaiwa. Masu talla ta biyun suke ɗagawa. Kai sabon shiga ta farkon ce ta shafe ka, domin filin koyo galibi a gindin gari yake. Ɗumin iska yana raguwa da kusan digiri 0.65 a kowace mita 100 da aka hau, saboda haka gari mai tudun mita 800 ya fi mai mita 2,300 ɗumi da kusan digiri 10. A wannan tazarar ake samun bambancin ruwan sama da dusar ƙanƙara: hadari ɗaya ne, a sama ya zubar da ƙanƙara, a ƙasa ya wanke wadda ke akwai. Kitzbühel na Ostiriya, duk da sunan da ya yi, bai wuce mita 800 ba. Chamonix na Faransa yana kan mita 1,035, Zermatt na Suwizalan 1,620, Avoriaz na Faransa 1,800, Obergurgl na Ostiriya 1,930, Tignes na Faransa 2,100, sai Val Thorens, shi ma na Faransa, da ke kan 2,300.

In tafiyar ta Disamba ce ko ta ƙarshen Maris, nemi wurin da filin koyonsa ya kai mita 1,800 ko fiye. Daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu, na mita 1,200 zuwa 1,500 ma ya wadatar a yawancin shekaru. Akwai garuruwan kwari da suka kai filin koyonsu can sama, ana hawa a gwandola, wato ƙaramin ɗaki mai gilashi da ke rataye a jikin waya. Wannan ba laifi, muddin ana iya saukowa a cikinta da yamma.

Sai dai tudu ma yana da nasa kuɗin. Katsina tana kan kimanin mita 500 ne, jikinmu bai saba da ƙarancin iskar sama ba. Ciwon kai, haki da rashin barci sukan fara damun mutane daga wajen mita 2,500, wasu tun kafin nan. Maganar da ta fi wannan nauyi a wurinmu ita ce sikila. Sanyi da ƙarancin iska da bushewar jiki duk suna tayar da ciwon, kuma ko mai AS an san saifarsa tana iya samun matsala a tudu mai nisa. In akwai mai SS a cikin tafiyar, kada a biya ko sisi sai likitansa ya ji lambar tudun da za a kwana da wanda za a hau. Bayan haka, daga wajen mita 2,000 bishiyoyi suke ƙarewa. Ran da hazo ya sauko a wurin da babu bishiya, sama da ƙasa sukan zama fari ɗaya, mutum ya kasa gane gangara da tudu, in iska ta yi ƙarfi kuma a rufe na'urorin sama. Val Thorens haka yake, fili fetal. Wurin da ya haɗa tudu da wasu hanyoyi a cikin daji ya fi, domin nan ake fakewa ran da yanayi ya ɓaci.

Daga nan duba inda gangaren yake fuskanta. Ranar hunturu a can ta kudu take bi, ƙasa-ƙasa. Gangare mai fuskantar arewa yana cikin inuwa, ƙanƙararsa takan daɗe da laushi. Mai fuskantar kudu yana da daɗin zama, amma a Maris yakan narke bayan azahar ya zama caɓi, ya daskare da dare, da safe a tarar da shi kamar gilashi. Taswirar da wurin yake rabawa zane ne na ado, ba ta nuna arewa, sai ka buɗe taswirar tauraron ɗan'adam ka gani da kanka. Ka kuma nemi sanin kaso nawa na hanyoyin ke da injin fesa ƙanƙara. Injinan ruwa da iska suke fesawa, kuma ba sa aiki sai sanyi ya sauka zuwa wajen digiri 2 ƙasa da sifili. Yankin Dolomiti na Italiya da su ya dogara ƙwarai, shi ya sa hanyoyinsa suke buɗe ko a shekarar da sama ta yi rowa. Amma gari mai kwari a mako mai ɗumi, injin ba zai cece shi ba.

Duk wannan ana tabbatar da shi kyauta. Kusan kowane wuri yana da kyamarori da ke nuna gangarensa kai tsaye, da rahoton kullum na na'urori nawa da hanyoyi nawa ke buɗe. Kalli kyamarar gindin gari, ba ta ƙololuwa ba. In ka ga farin zare ɗaya ya ratsa ƙasa mai ruwan toka, ka san ƙanƙarar inji ce kawai ke riƙe da wurin.

Yanzu maganar kilomita, wadda a nan aka fi ruɗar mutane. Les 3 Vallées na Faransa yana tallar kilomita 600, Ski Arlberg na Ostiriya ya haura 300, Dolomiti Superski 1,200 a yankuna 12 da ba duka ne suke haɗe ba. Wani Bajamushe mai zana taswira, Christoph Schrahe, ya bi ya auna hanyoyin wurare da dama, ya tarar da yawa sun ƙara gishiri a lissafinsu. Ko da lambar gaskiya ce, mai koyo a makonsa na farko ba zai taka ko kashi ɗaya cikin goma ba, alhali tikitin na'urorin hawa na kwana 6 a manyan wuraren ya haura Yuro 350 ga babba ɗaya. Mai sayen rago a kasuwar Mai'aduwa gadon baya yake dafawa, ba ƙaho yake aunawa ba. Abin da za ka dafa a nan shi ne launin hanyoyin. A Faransa kala huɗu ne: kore na masu koyo, shuɗi mai sauƙi, ja na matsakaita, baƙi na gwanaye. A Ostiriya da Suwizalan da Italiya galibi daga shuɗi ake farawa. Ƙa'idar Ostiriya ta ce shuɗi kada ya sauka fiye da mita 25 a kowace mita 100, ja kuma kada ya wuce 40. Amma kowane wuri shi yake shafa wa hanyoyinsa launi, kuma an san Val d'Isère na Faransa da St. Anton na Ostiriya da shuɗin da a wani wurin ja za a kira shi.

Ɗauki taswirar, ɗora yatsa a kan masaukinka, ka bi: daga nan akwai kore ko shuɗi da zai dawo da kai gida ba tare da ya faɗa cikin ja ba? Wurare da yawa suna da hanyoyi masu sauƙi a sama, amma hanyar dawowa gari ja ce ƙunƙuntacciya, wadda da ƙarfe 4 na yamma ta cika da gajiyayyun mutane, ƙanƙarar ta tattaru tudu-tudu. A nan gwiwoyi suke tafiya. Chamonix misali ne mai kyau na suna da ba ya amfanar mai koyo. Can aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, ga tsaunin Mont Blanc a kansa, amma filayensa a warwatse suke cikin kwari, sai an bi bas daga wannan zuwa wancan da takalma masu nauyi a ƙafa.

Irin na'urorin hawa ma abin dubawa ne. Filin koyo mai kyau yana da shimfiɗa mai tafiya, a tsaya a kanta kawai ta kai mutum sama, kuma an killace shi yadda gwanaye ba sa ratsawa da gudu. In filin majanyi kaɗai gare shi, wato sandar da ake maƙalawa tsakanin cinyoyi ta ja mutum, to rabin ranar farko a faɗuwa za ta ƙare. A wurare da dama na Faransa na'urorin filin koyo kyauta ne ko kuma suna da ƙaramin tikiti nasu, don haka kada ka sayi babban tikiti tun daga gida sai malami ya ce ka isa.

Malami kuwa dole ne. Aji na haɗaka yawanci ran Lahadi ko Litinin yake farawa, ya yi kwana 5 ko 6, wanda ya iso ran Laraba sai ya biya malami shi kaɗai da tsada. Rubuta wa makarantar ka tambayi abu biyu: mutum nawa ne iyakar aji, kuma da wane harshe ake koyarwa. In aji ya wuce mutum 10, a tsaye cikin sanyi za ka yi ta jiran layi. Mutanenmu masu zirga-zirgar Maraɗi da Damagaram da suka iya Faransanci sun huta a Faransa, inda makarantar koyon zamiya ta ESF mai jajayen riguna take kusan ko'ina. A shagon haya, takalmi shi ne komai: yatsu su taɓa gaba in ka miƙe, su ja baya kaɗan in ka durƙusa, diddige kada ya ɗaga. Safa ɗaya doguwa ake sawa, biyu suna toshe jini su ƙara sanyi. Za su tambayi nauyinka da tsayinka da shekarunka da iyawarka, da su suke saita maƙalin da ke sakin allon zamiya in ka faɗi. Wanda ya ƙara wa kansa iyawa don kunya, maƙalin zai ƙi saki, gwiwa ta murɗe. Karɓi hular kwano. Rigar sanyin gwanjo da ke fitar da mu hunturun gida ba za ta yi ba in ruwa yana ratsa ta, auduga kuma a jikin fata tana riƙe gumi ta huce. Tabarau mai duhu wajibi ne, domin sabuwar ƙanƙara tana mayar da har kashi 80 cikin 100 na hasken da ke ƙona ido.

Mako mafi tsada da cunkoso shi ne na Kirsimeti da sabuwar shekara, sai hutun makarantun Faransa da ake yi yanki-yanki daga farkon Fabrairu zuwa farkon Maris. Daga mako na biyu na Janairu farashi yakan faɗi, layi ya ragu, amma sanyin ya fi cizo. Maris ya fi sauƙi ga jikin da ya saba da rana, in wurin yana da tudu. Duba kalandar Musulunci ma, a 'yan shekarun nan azumi cikin wannan kaka yake faɗowa.

Nisan gado da ƙanƙara ya fi yawan taurarin otal muhimmanci. Mita 500 a takalmin zamiya, ga alluna a kafaɗa ga yaro yana kuka, tafiya ce. Ga Musulmi kuma akwai wani dalilin. A Disamba da Janairu rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 5 ko kafin nan, azahar da la'asar duk suna shigowa cikin lokacin wasa, kuma samun wurin alwala a kan tsauni da wuya. Mai masauki a bakin gangare sai ya shiga ɗaki, ya yi salla, ya ci abinci, ya koma. Ɗaki mai kicin ya fi otal mai abinci, domin girkin tsaunukan nan naman alade ya yi masa yawa. A takardar abinci kula da porc, jambon da lardons a Faransa, Schwein, Speck da Schinken a Ostiriya, maiale da prosciutto a Italiya. Tartiflette dankali ne da cuku da alade, fondue kuma da giya ake narka cukunsa. Naman halal a manyan garuruwan kwari ake samu, irin su Jeniba da Grenoble da Innsbruck, a yi guzuri kafin a hau. St. Anton da Ischgl na Ostiriya sun shahara da shagalin giya da kiɗa tun daga yamma, mai tafe da iyali ya san da haka.

Bayan doguwar tafiya daga Kano ko Abuja, lissafa wadda ta rage. Daga filin jirgin Jeniba zuwa Chamonix awa ɗaya da 'yan mintoci ne, zuwa Val Thorens kusan awa 3, ran Asabar da ake sauya baƙi kuma ya fi haka. Kada wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba ya ɗauki hayar mota. St. Anton yana da tashar jirgin ƙasa, Zermatt ma ta jirgin ƙasa ake shigarsa, ba a barin motoci.

Saura inshora. Bizar Shengen, wadda ta haɗa har da Suwizalan, tana neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, amma irin wadda ake saya don biza sau da yawa ta cire wasannin ƙanƙara. Karanta takardar, ka ga an rubuta wasan hunturu da ceto daga kan tsauni ƙarara. A Faransa ko jan mutum a makarar ƙanƙara daga gangare zuwa gari sai an biya, balle jirgi mai saukar ungulu. A yankin Savoie ana sayar da inshorar ceto mai suna Carré Neige tare da tikiti a kan 'yan Yuro kaɗan a rana. Italiya tun 2022 ta wajabta wa mai zamiya inshorar biyan diyya in ya buge wani. Sandunan da ke gefen hanya su ne iyakar inda aka tsare daga zaftarewar ƙanƙara, kada a tsallake su ko da allon gargaɗi yana nuna mataki na 2 cikin 5. Lambar ceto ta wurin tana jikin taswira ko tikiti, a sa ta a waya tare da 112, lambar kiran gaggawa ta Turai, wayar kuma a ajiye ta a aljihun ciki, domin sanyi yana shanye batir.