Ga goyo ga ciki: yadda za ki shirya yaranki kafin jariri ya iso

A cikin fari kowa lallaɓa ki yake yi. Da kin ce kanki na sarawa za a ce ki kwanta, cikin na tsufa kuma a mayar da ke gida goyon ciki. Na biyu ko na uku kuwa yakan zo ne ya tarar da wani yana rarrafe, wani yana kukan a nemo masa takalmin makaranta, kowa kuma ya ɗauka ai kin saba. Ina zaune a Tudun Wada nan Kaduna, a gidan haya da muke haɗa tsakar gida da maƙwabta, kuma cikin da nake ɗauke da shi ya same ni da yara biyu: babban ya fara zuwa makaranta da Islamiyya, ƙaramar ba ta daɗe da miƙewa ba. Shawarar da na fi ba wa muhimmanci ita ce, duk canjin da za ki yi wa yaranki ki yi shi tun cikin bai yi nauyi ba. Kada ranar da jariri ya shigo gida ta zama ita ce ranar da aka sauke wani daga baya, aka cire shi a nono, aka kuma tashe shi daga gadon uwarsa. Yaro zai ɗora duk wannan rashin a kan jaririn, kuma daga nan kishi ke samun gindin zama.

Watannin laulayi dai haƙuri ne da dabara. Ki ajiye biskit ko dabino kusa da matashin kai, ki ci kafin ki sauko daga gado, ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan maimakon cika ciki lokaci guda. Idan warin daddawa ko suyar albasa ne ke tayar miki da zuciya, ki yi miya a lokacin da jikinki ya fi sakewa, ki kuma dogara da busassun kaya irin su kuka, kuɓewa da garin kunu, tunda wuta ba ta da tabbas balle a ce firji zai riƙe abinci. Idan jiri ya taso da rana, nakan shimfiɗa tabarma a ɗaki, in kwashe duk abin da zai cutar, in sa sakata, in kwanta a gefena. Ƙaramar na ba ta murafan tukwane biyu da ludayi da gwangwanin madara, tana buge-bugenta a kusa da ƙafata, ni kuma ina samun rabin sa'a idona a lumshe, kunnena a kanta.

Sai goyo. Idan cikinki lafiya lau ne, ɗaukar yaro ƙarami ba laifi ba ne, amma jijiyoyin ƙugu da na baya suna saki a lokacin ciki, shi ya sa ciwon baya ke saurin kama mai ciki. Ki daina sunkuyawa ki ciccibo shi daga ƙasa. Ki durƙusa, ki jawo shi jikinki, ki tashi da ƙarfin ƙafafunki. Mafi sauƙi ma ki koya masa hawa kujera ko gado da kansa, ke ki zauna sannan ya hau cinyarki. Tun wata na huɗu na fara rage wa tawa goyo, ya zama sai lokacin barci kawai, daga baya shi ma na maye gurbinsa da kwanciya tare a tabarma ina bubbuga bayanta. Kwanakin farko tana jawo majanyi ta kawo mini, ta tsaya a bayana tana dukan ƙafata. Ban yi mata tsawa ba, nakan karɓi majanyin in goya mata 'yar tsanarta a nata bayan. Amma idan kin taɓa yin ɓari ko haihuwar bakwaini, ko kina ganin jini, ko an ce mabiyiya ta zauna a ƙasa, ki tambayi likita kafin ki ci gaba da ɗaukar kowane irin nauyi.

Maganar yaye ce ta fi damuna, domin a nan ake cutar da yara da kyakkyawar niyya. Da an gane mace ta yi kwanika, sai gori ya biyo baya, sai kuma a ce nononta ya ɓaci, a cire yaron yau-yau. A shafa wa nono ɗaci, a kai yaron gidan kakarsa da yamma, shi ke nan. Nonon mai ciki ba ya zama guba. Abin da ke faruwa shi ne yakan ragu zuwa tsakiyar ciki, ɗanɗanonsa kuma ya canza, har wasu yaran su ƙi shi da kansu. Ramar da ake gani a jikin ɗan kwanika yawanci daga cirewar gaggawa take: an raba shi da abincin da ya dogara da shi a dare ɗaya, an koma ɗura masa koko mai ruwa-ruwa, ga kewar uwa, sai gudawa ta shigo, sai tamowa. Addini ya ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma shekara biyu ko fiye take cewa. Idan yaronki bai kai shekara ba, kada ki yanke hukunci ke kaɗai ko da bakin maƙwabta, ki faɗa a wurin awo a duba ki a duba shi.

Idan kuma kin ga jikinki ba zai ɗauka ba, ki yaye a hankali. Ki fara janye shan rana, ɗaya bayan ɗaya, ki bar 'yan kwanaki tsakani, na dare ya zama na ƙarshe. Duk shan da kika janye ki cike gurbinsa da abinci mai kauri: kunun gyaɗa da cokali zai tsaya a ciki, dafaffen ƙwai, alale, faten wake da manja, kifin da aka cire wa ƙaya, ayaba, gwanda. Ki riƙa kai shi awon nauyi. Idan za a kai shi wurin kakarsa, ya zama ya riga ya saba da ita da gidanta, ana kai shi wuni ana dawo da shi, kafin a kai ga kwana.

Awo kuwa shi ne abin da mai ƙananan yara ke fara yarwa, wai ba wanda za ta bar wa su, ai kuma ba yau ta fara haihuwa ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, na farko a cikin mako 12 na farko. Hawan jini da ƙarancin jini ba sa duba yawan haihuwar da kika yi, ƙarancin jini ma ya fi samun wadda ciki ya biyo ciki ba tazara. Muna da Asibitin Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, Barau Dikko a cikin gari, Gwamna Awan a Kakuri, babban asibitin Kawo, ga ƙananan asibitocin unguwanni. Ki yanki kati a wanda ya fi kusa da ke, domin wanda za ki iya isa da keke ɗaya shi za ki jure zuwa. Kada ki kwashi yara zuwa layin awo idan da hali, zaman yana da tsawo kuma wurin marasa lafiya ne. Ni da maƙwabciyata muka yi yarjejeniya: ranar awona nata ne yarana, ranar da za ta kasuwa nawa ne nata. Tun dare nake haɗa musu abinci da kayan canzawa, don kada taimakon ya zame mata wahala.

A wurin awo za a yi miki allurar rigakafin tetanus, a ba ki Fansidar, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau 3 kafin haihuwa, da kuma ƙwayoyin ƙarin jini na kullum. Kada ki haɗiye su da shayi, yana hana jiki ɗaukar maganin; ruwa ko lemu ya fi. Bayan gida zai iya yin baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoron shi ne yara. Ƙwayoyin nan jajaye ne, kamar alawa suke a idon yaro, kuma idan ƙaramin yaro ya sha da yawa za su iya kashe shi. Kada ki bar su a jakar hannu, ita ce abin da yaro ke fara zazzagewa da kin juya baya. Nawa suna cikin gwangwani mai murfi a saman wadirob. Idan yaro ya sha, a wuce asibiti da shi da takardar maganin nan take, ko da yana wasansa.

Damina a Kaduna doguwa ce, daga wajen Mayu har Oktoba, kuma zazzaɓin cizon sauro ya fi tsananta a kan mutum biyu da ke ɗakinki: ke mai ciki da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar. Kowa ya kwana a gidan sauro, a tura gefensa ƙarƙashin katifa. Idan masu bi gida-gida sun kawo maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan wata 3 zuwa 59, ki karɓa ki kuma cika kwanakinsa. Ki wanke hannu da sabulu bayan kin yi musu tsarki ko kin wanke fo, ki rage haɗa cokali da su. Idan ƙyanda ko ƙarambau ya fito wa wani a gidan, ki sanar a asibiti cewa kina da ciki. Kada kuma ki shiga kemis ki sayi maganin ciwon jiki ba tare da kin faɗi kina da ciki ba. Ki kuma zuba abincinki a naki kwanon kafin ki raba musu, domin uwar da ta dogara da ragowar yara ba ta san abin da ta ci ba.

Babban yaro yana bukatar a gaya masa. Mun saba da kunya, sai a ce masa za a sayo jariri a asibiti. Ni dai da cikin ya fito na zaunar da nawa na ce, "Allah zai ba ka ƙani ko ƙanwa, yana nan cikin Umma, zai zo bayan Sallah." Ya sa hannu ya ji motsi, ya tambaya ko zai iya cin tuwo. Ki hana masu tsokanar nan ta "an ƙwace maka Umma", ko da manyanki ne ki roƙe su cikin ladabi, domin yaro ba ya ɗaukar ta wasa. Kada kuma komai ya koma "kai fa yanzu babba ne". Ɗan shekara huɗu yaro ne, 'yar shekara shida ma ba mai raino ba ce. Ki ba su aikin da ya dace da su, miƙo tsintsiya, ninke ƙananan kaya. Idan za ki raba gado, ki yi kafin wata na bakwai, ki sa katifarsu kusa da taki tukuna. Koyon fo kuma, in bai kankama da wuri ba ki bar shi sai bayan arba'in. Kada ki yi mamaki idan wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi bayan haihuwa, yakan wuce.

Maigida ki ba shi aiki mai suna. "Ka taimaka mini" ba ta cika kai ko'ina ba, amma "Abban yara, don Allah kai za ka riƙa kai shi makaranta, ka kuma yi magana da mai ruwa ya riƙa cika mana duro" tana aiki. Jan guga da ɗaukar jarka su fita daga hannunki. Ya kuma saba kwantar da ƙaramin tun yanzu, don daren da ba kya nan kada ya zama na farko.

Daren haihuwar ne ya kamata ku zauna ku tsara tun wata na takwas. Naƙudar wadda ta taɓa haihuwa takan fi ta fari sauri, ba lokacin buga ƙofofi ba ne ana neman wanda zai riƙe yara. Ki samu mutum biyu, idan ɗaya ba ta nan ɗaya tana nan, kuma su zama waɗanda yaran suka sani. Ki riƙe lambar mai keke ko mai mota da ya yarda a tashe shi da tsakar dare. Ki haɗa jaka biyu, taki da ta jariri guda, ta yara guda, da kayansu da katin asibitinsu da abin da ƙaramin ke riƙewa in zai yi barci. Ku ware kuɗi da ba a taɓawa, ku san rukunin jininki da wanda zai ba da jini in an bukata. Ki faɗa wa maigida da maƙwabciya alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya, ko ki ji motsin ɗa ya ragu.

Ki kuma yi magana da wadda za ta zo miki wankan jego tun kafin ta zo, ko Inna ce ko gwaggo. Garwar tafasasshen ruwa a tsakar gida, ga yaro mai tafiya da bai san zafi ba, haɗari ne da ake mantawa da shi saboda hankalin kowa yana kan jariri. A zaɓi lungun da za a hura wuta, a kare shi da benci ko tsohon kwano, a sa mutum ɗaya ya riƙe yaran duk lokacin da ake sauke ruwa, kada kuma a bar bokitin ruwan zafi a banɗaki a tafi ɗauko ganye. Idan an taɓa ce miki jininki na hawa, ki gaya mata a sassauta kanwa a kunu da zafin ruwan, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Idan maganar za ta yi miki nauyi a baki, ki je da ita awo na ƙarshe ta ji daga bakin nas.