In an haifa miki bakwaini, ga yadda za ki sa ido a kan kansa

Bakwainin da ya zo kafin sati 32 ko bai kai kilo 1.5 ba, jijiyoyin jinin kwakwalwarsa basu yi kwari ba, suna iya fashewa jini ya zuba ciki, yawanci a kwana 3 na farko kuma sau da yawa ba wata alama. Shi yasa in yana kwalba a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko wani asibitin nan Jos ki tambayi likita kai tsaye, an yi masa sikanin kai? Ta madiga ake dora na'urar, ba zafi. In an ga jini ya zuba, ki tambaya mataki na nawa ne, 1 da 2 galibi suna wucewa, 3 da 4 ne ke iya jawo taruwar ruwa a kai ko matsalar tafiya daga baya.

Bayan sallama ki dinga taba madigar yana kwance shiru, in ta kumbura tayi tauri, ko kai na girma da sauri, ko jijjiga, ko ya ki nono, kar ki jira gari ya waye. Kuma don Allah Hajiya kaka a bar hayaki da rubutu, sanyin Jos ma ya ishe shi, ke uwa ki sa shi a kirji fata da fata.