Yadda Ake Dafa Naman Tako Na Taro

Tako abincin mutanen Meziko ne: a naɗe nama a cikin faifan burodin masara mai laushi, wanda suke kira totiya. Kilo 4 na niƙaƙƙen naman sa zai ishi mutum 25, kowa ya samu biyu.

1. A raba naman kashi huɗu, a soya kowane kashi daban a faffaɗar tukunya mai zafi sosai. In aka zuba shi gaba ɗaya, ruwa zai saki, ya dahu fari fat babu ƙamshin suya. A riƙa farfasa shi da muciya kada ya dunƙule.

2. A tsiyaye kitsen, a bar kamar cokali 4, a soya manyan albasa 4 da tafarnuwa ƙwaya 10 a ciki.

3. A zuba garin kumin (wani kayan ƙamshin girki) cokali 4, gishiri cokali 2, tumatirin gwangwani cokali 6, da garin barkono. Wanda ake haɗawa don tako a Amurka ba shi da yaji sosai. Namu kuwa cokali 1 ya isa, a ɗanɗana tukuna. A juya minti ɗaya kawai, don kumin in ya ƙone ɗaci yake yi.

4. A mayar da naman, a ƙara ruwa kofi 3, a rage wuta minti 20 har romon ya kama jikin naman. Ruwa-ruwa yana jiƙa totiya ta yage a hannu.

5. A bar shi a rufe kan garwashi kaɗan lokacin rabo, in ya bushe a yayyafa ruwan zafi. In an sauke shi daga wuta, kada ya wuce awa 2 a ajiye a waje. Sauran a saka firji.